Rage sturok ɗin injin 6.0 na Hummer kafin a ɗora sufacaja, akwai riba ko ɓarnar kuɗi ce?

Ɗan_Kawo_E46

Assalamu alaikum jama'ar gida, manya da ƙanana. Dan Allah masu ilimin inji a taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗin da ba za su dawo ba. Na samu injin LQ4 6.0 wanda aka ciro daga Hummer H2 ta 2004, an buɗe shi mun duba silinda lafiya lau ba karce, kiranshaf ma sumul, niyyata in dasa shi a BMW E46 ɗina in ɗora mai sufacajar LSA (na'urar da bel ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin inji) wadda na riga na yi oda ta hannu tana hanya. Motar ba ta zuwa aiki kullum bace, ta fita yamma ce da ƙarshen mako, wani lokacin a ɗan yi dirif (wasan zamiya da mota) in an samu fili.

To abin da ya hana ni barci shi ne, ina ta ganin 'yan Amurka a YouTube suna cire kiranshaf ɗin 6.0 su saka na 4.8 mai gajeren sturok (tazarar da fistan ke hawa da sauka), wai injin ya fi hawa rpm kuma ya fi jure bust (matsin iskar da sufacaja ke turawa), kuma wani mai kayan gyara ya ce min zai iya nemo min kiranshaf da kwanrod na 4.8 daga kasuwar Ladipo ta Legas ba tsada sosai. Shin da gaske abin yana shiga kai tsaye ba sai an yi yanka ba? Kuma in ya shiga, ƙarfi zan ƙara ko ragewa zan yi? Tunda injin a buɗe yake yanzu shi ya sa nake so in yanke shawara kafin a rufe, bana son a ɗaura a dawo ana kwancewa. Nagode, Allah ya saka da alheri.

Baƙon_Houston

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce, ta farkon mai sauƙi ce, ta biyun ita ce inda mutane ke ruɗewa.

Eh yana shiga. LQ4 ɗinka faɗin silindarsa milimita 101.6 ne, sturok 92. Injin 4.8 kuma sturok ɗinsa 83 ne, amma GM sun ba shi kwanrod mai tsawo, inci 6.275 maimakon 6.098 na 5.3 da 6.0, don haka in ka haɗa kiranshaf ɗin 4.8 da kwanrod ɗin 4.8 ka ɗora fistan ɗinka na 6.0 a kai, fistan zai zo saman bulok daidai inda yake zuwa da can, ba yanka ba ciko. Abin da za ka samu shi ne inji mai kusan cc 5,380, wato 5.4 kenan. Amma sai ka kula, dole kiranshaf da kwanrod su zo tare, in ka saka kiranshaf ɗin 4.8 da kwanrod ɗin 6.0 fistan zai tsaya milimita huɗu da rabi ƙasa da saman bulok, kwamfireshan (yawan matse iska da mai a silinda) ya zube gaba ɗaya, injin ya zama malalaci. Sannan akwai faifan haƙora da ke bayan kiranshaf wanda sensa ke karantawa, H2 ta 2004 mai 24 take amfani da shi, yawancin injinan 4.8 na 2007 zuwa sama masu 58 ne, in aka kawo maka wanda bai dace da birenbos (kwamfutar mota) ɗinka ba motar ko tari ba za ta yi ba sai an canza faifan.

Yanzu maganar ƙarfi, nan nake so ka natsu. Sufacajar LSA, wato Eaton TVS1900, irin wadda ke ɗiban iska da awo ce, duk juyi ɗaya tana tura lita 1.9, ba ruwanta da girman injin da ke ƙarƙashinta. Mu ce ka saita fuli tana juyawa sau 2.5 a kowane juyin inji, kenan tana tura lita 4.75. Injin 6.0 a juyi ɗaya lita 3 yake sha tunda rabin silindoji ne ke shan iska a kowane juyi, to ka ga za a matse 4.75 cikin 3, lissafin takarda ya ba ka bust wajen psi 8 da ɗoriya. Ka mai da shi 5.4, yanzu lita 2.7 yake sha, iskar nan dai 4.75 ce, agogon bust zai nuna maka wajen psi 11. Sai mutum ya ga allura ta hau ya yi murna ya ce injina ya fi karɓar bust, alhali iskar da ta shiga ɗaya ce, man da za a ƙona ɗaya ne, ƙarfin ma kusan ɗaya, sai dai ma iskar ta fi zafi saboda an fi matse ta kuma sufacajar ta fi cin ƙarfi daga bel. Bust ba ƙarfi bane, awon turjiya ne da iska ke samu wajen shiga.

Inda gajeren sturok yake da gaskiyarsa shi ne gudun fistan. A rpm 6,500 mai sturok 92 fistan ɗinsa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, shi kuma mai 83 sai ya kai 7,200 kafin ya kai wannan gudun. To ka samu ƙarin rpm 700 kenan a ƙasan inji. Amma ita sufacajar fa tana bin inji ne da bel, a 7,200 da fulin da muka ce tana juyi 18,000, kuma irin waɗannan in suka yi sama sosai zafi suke ƙarawa fiye da iska, ƙarfinsu a ƙasa da tsakiya yake, daga rpm 2,000 ka taka ka ji ta mannaka da kujera. Kenan ka gina ƙasan inji don sama, ka ɗora mai abin da ya fi son ƙasa. Su kansu GM da suka yi LSA a Cadillac CTS-V ta 2009 mai doki 556, da LS9 na Corvette ZR1 mai doki 638, ba su taɓa sturok ba, 92 ɗin nan suka bari, kwamfireshan kawai suka sauke zuwa 9.1 suka ƙarfafa kayan ciki.

Ni dai a ganina in LSA ce a hannunka ka bar 6.0 ɗinka yadda Allah ya ba ka shi. Da a ce ProCharger ko Vortech ka saya, waɗanda bust ɗinsu ke hawa tare da rpm, da maganar ta canza.

Mai_S4_Gwarinpa

Oga Houston da girmamawa amma ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba gaskiya. Ka kawo LSA da LS9 ka manta da Hellcat. Dodge suna da 6.4 mai faɗin 103.9 da sturok 94.6, da suka tashi ɗora sufacaja a 2015 me suka yi? Faɗin suka bari, sturok suka rage zuwa 90.9 ya zama 6.2, suka sauke kwamfireshan daga 10.9 zuwa 9.5, aka samu doki 707 kuma da garanti aka sayar wa mutane. Ita ma sufacajar tasu mai ɗiban iska da awo ce, ta IHI mai lita 2.4, ba irin ProCharger bace. Haka Audi, motar da nake hawa kenan, 3.2 V6 ɗinsu sturok 92.8 ne, da za su yi 3.0 mai sufacajar Eaton na S4 suka dawo da shi 89. To kamfanoni biyu manya duk sun rage, kenan akwai abin da suka gani. In sturok ya gajarce kiranshaf ya fi tauri don wuyan kwanrod da wuyan tsakiya sun fi shiga juna, kwanrod kuma baya karkata sosai to fistan baya gugar bangon silinda da ƙarfi, wannan duk abin so ne in ana matsa wa inji.

Kuma ai abin ba sabo bane a gidan Chevrolet, Camaro Z/28 ta 1967 haka aka yi ta, bulok ɗin 327 aka saka wa kiranshaf ɗin 283 aka samu 302, har yau ana yabon yadda injin nan ke hawa sama. Ɗan Kawo ni na ce ka yi, ko don sautin ma.

Baƙon_Houston

Malam mai S4 ka kawo misalai na gaskiya, duk alƙaluman da ka faɗa haka suke. Amma duba nawa suka rage. Hellcat milimita 3.7, Audi 3.8. Shi ɗan'uwanmu milimita 9 zai rage, kashi goma cikin ɗari na injin gaba ɗaya zai tafi. Kuma su ba kiranshaf ɗin tsohuwar fikof suka ɗauko daga kasuwa ba, Dodge ƙirarren ƙarfe suka saka da fistan da kwanrod da aka yi musamman don aikin, kuma sun zaɓi girman sufacajar ne daidai da injin tun a zane. Shi kuma Z/28 dalilinsa doka ce, gasar Trans-Am ta lokacin ba ta yarda inji ya wuce lita 5 ba, shi ya sa suka rage, ba don ƙaramin ya fi 327 ƙarfi ba, kuma babu sufacaja a kansa. Har yau yawancin waɗanda nake gani suna wannan haɗin a nan masu tsere ne da ajin da suke ciki ya ƙayyade musu girman inji ko ya rage musu nauyi in injin ƙarami ne, ko kuma masu tabo (turbo) da ke son kai wa rpm 8,000. Ɗan Kawo babu wata doka a kansa.

Ga wani misali ma da ya bi wata hanyar, Cadillac STS-V ta 2006, Northstar 4.6 suka mayar 4.4 don sufacaja amma faɗin silinda suka rage daga 93 zuwa 91 don bango ya yi kauri, sturok ɗin ba su taɓa ba. Kowa inda injinsa ke da rauni yake gyarawa. To raunin LQ4 ba a kiranshaf yake ba, kiranshaf ɗin LS (dangin injinan GM da LQ4 ke ciki) na kamfani ya sha ɗaukar ƙarfin da ya ninka abin da LSA za ta iya bayarwa. Rauninsa fistan ne da ringi, sai kwanrod na farko-farko masu siriri.

Sannan 7,200 ɗin nan ba kyauta yake zuwa ba, kamshaf ɗin Hummer na jan kaya ne, tun kafin 5,500 numfashinsa ya ƙare, sai ka canza kamshaf, sifirin ɗin bawul, fushrod, ka duba lifta da famfon baƙin mai, duk wannan kafin gajeren sturok ya fara biyanka ko sisi.

Baba_Mai_Garejin_V8

Salamu alaikum. Yaran nan kun yi ilimi masha Allah, na karanta duka. Ni bari in yi magana a matsayin wanda hannunsa ke cikin baƙin mai a nan ƙasar, don lissafin Amurka daban, abin da ke gidan manmu daban.

Akwai riba ɗaya a rage sturok da ba wanda ya tsaya a kanta sosai a cikinku kuma a wurinmu ita ce babba, kwamfireshan. LQ4 yana zuwa da 9.4. In ka rage sturok zuwa 83 ka bar fistan ɗin da top silinda yadda suke, ɗakin wuta bai canza ba amma abin da fistan ke sharowa ya ragu, sai ya sauko wajen 8.6. Su can suna tunin (saitin kwamfutar) motocinsu a kan man da suke kira 93, wanda a awon da mu muke amfani da shi ya kai wajen 98, mu kuma namu bai kai nan ba, kuma na wannan gidan man ba ɗaya yake da na wancan ba, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, Kaduna ma ba ta tsira ba. Iska mai zafi, mai mara ƙarfi, bust a kai, sai ka ji ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka, to wannan fistan ɗinka ne ke cin duka, in ka ci gaba gefen fistan inda ringi ke zama ya ɓalle. Na buɗe irinsu da hannuna, abin tausayi, mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru a gama a yini ɗaya.

Amma ɗana, ko da wannan ribar ban ce ka yi ba, saboda mai Houston ya faɗi gaskiya, abin da ka samu ta kwamfireshan za ka mayar da wani ɓangarensa ta zafin bust da ya hau. Kuma in kwamfireshan kake son saukewa akwai hanyar da ta fi kusa, ka sayi fistan ƙirarru masu rami a kai na 6.0 waɗanda aka yi don bust, ka sauko 9.0 ko ƙasa kaɗan, ka riƙe litarka shida, ka kuma magance raunin da ke injin a lokaci guda. Kuɗin kiranshaf da kwanrod na 4.8 da kawo su da gyaransu in ka haɗa ya ci rabin kuɗin fistan ɗin.

Sai abin da ya fi damuna, balansin. Kiranshaf ɗin 4.8 an auna nauyinsa ne da fistan mai faɗin 96, kai kuma za ka rataya mai na 101.6 wanda ya fi nauyi. V8 ba kamar silinda huɗu a jere bane da za ka haɗa ka tafi, dole a ɗaura mai nauyin gwaji a juya shi a na'ura a ƙara ko a rage ƙarfe. Masu boring da gurandin muna da su ƙwararru, amma kafin ka biya kuɗin kiranshaf ka fara zuwa ka ga na'urar balansin da idonka ka tambayi mai ita ko ya taɓa yin V8. In ba a yi ba injin zai tashi, zai ma yi tafiya, amma a 7,000 ɗin da kake mafarki metal (biyarin ɗin kiranshaf) ne zai biya bashin. Kuma ka duba fin ɗin fistan, akwai na matsewa akwai mai yawo da kilif, injinan farko na matsewa ne na baya masu yawo, in kwanrod ɗin da aka kawo maka bai dace da fistan ɗinka ba wani aikin ne kuma.

Ko ka rage ko ba ka rage ba, ringi dole a buɗe musu baki fiye da na kamfani, don in suka yi zafi suna miƙewa, in bakinsu ya haɗu babu inda za su je sai su fasa fistan. Wannan aikin fayil ne da filageji (ma'aunin tazara) da haƙuri, kuɗinsa kaɗan, amma shi ke raba injin da ya rayu da wanda ya buga. Lagireton ruwan intakula (mai sanyaya iskar sufacaja) kuma kar ka saka ƙarami don E46 gabanta a matse yake, ka nemi wuri ko da za a yanka bamba, ka saka famfon ruwa mai ƙarfi da tanki, don a dirif mota na ihu ne a gefe iska ba ta shiga gaba sosai.

Ɗan_Kawo_E46

Kai jama'a Allah ya saka, Allah ya ƙara ilimi. Baba na gode ƙwarai, maganar balansin ɗin nan mai kayan bai ko ambata min ba. Na fasa 4.8 ɗin, zan bar 92 in nemi fistan da kwanrod masu kyau. Oga mai S4 kar ka ji haushi, in Allah ya hore gaba na yi na tabo zan dawo kan shawararka.

Saura tambaya ɗaya Oga Houston, top silindar da ke kan injin lambarta 317, naji ance sufacajar LSA ba ta zama a kanta, gaskiya ne? In haka ne me zan nema tun kaya basu taso ba a haɗo min a kwantena ɗaya?

Baƙon_Houston

Gaskiya ne, 317 ƙofofin iskarta dogaye ne sirara, LSA kuma an yi ta ne don masu faɗi irin na LS3 da L92. Hanya biyu ce. Ko ka sayi faranti na adafta da ake sakawa tsakani, ka riƙe 317 ɗinka wadda dama ɗakin wutarta babba ne kuma bust na son haka, sai dai farantin zai ƙara ɗaga sufacajar sama kuma bonet ɗin E46 dama da ƙyar zai rufu. Ko kuma ka nemi top silinda ta L92 ko LS3, lamba 823 ko 821, suna zama a kan bulok ɗinka tunda faɗinsa ya kai inci 4, su Escalade da Yukon Denali na 2007 zuwa 2014 da ita suka zo don haka kana iya samu ma a gida, amma sai ka haɗa da rokarta don na ɓangaren shan iska a karkace suke, na 317 ba sa yi. Ɗakin wutarta ya ɗan fi na 317 ƙanƙanta, to ka yanke wacce za ka saka kafin ka yi odar fistan don a lissafa ramin daidai, kar ka sayi fistan tukuna.

A kwantenar a haɗo maka da birakit da fulin gaban inji na LSA gaba ɗaya don layin bel ɗin Hummer ba ɗaya yake da nata ba, injekta manya, famfon mai da zai iya ciyar da su, sensar MAP da ke karanta bust, da agogon waidban (mai auna haɗin iska da mai). Ka fara da babban fuli a kan sufacajar bust ya tsaya wajen psi 6 zuwa 7, a yi tunin a kan man da za ka dinga sha a Kaduna da rana tsaka ba da sanyin asuba ba, mai tunin ya bar taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) ƙasa-ƙasa ya kuma saita birenbos ta dinga janye shi in iska ta yi zafi. In ka samo lambar da ke jikin sufacajar da hoton murfinta ka turo, don murfin CTS-V da na Camaro ZL1 ba tsayinsu ɗaya ba kuma bututun ruwansu ba waje ɗaya suke fita ba, daga nan za mu san ko bonet ɗin zai rufu ko sai an yanka.